Kar-ka-motsa da Gilashin da Ya Raina

Ban da son a sani, ban ga abin da ya kai ni sayen kyamara ba. Aikina koyar da tuƙi ne. Shekara da shekaru ina zaune a gefen mutanen da ba su bambance birki da totur ba, ina addu'a a zuci ina murmushi a fili. Wata rana na biya wajen mai kayan gwanjo neman madubin gefe, sai na hango ta cikin kwali, tsakanin wani tsohon dutsen guga da rediyo marar murfi. Baƙa ce mai nauyi, irin ta ƙarfe da ake ɗana wa fim, ba ta san batir ba, komai nata sai da hannu. Na rataya ta a wuya, na dubi kaina a gilashin shagon, na ga na tashi sak babban ɗan jarida. Haka na koma gida da kyamara, mota kuwa ba madubi.

Na ɗana fim kamar yadda mai gwanjon ya nuna mini, na yi ta ɗauka. Ɗalibaina, matata tana tsince wake a baranda, kyanwar maƙwabta, duk ba wanda ya tsira. Da hannun da ake ja ya cije, alamar fim ya ƙare, sai zuciyata ta ce, anya kuwa sun shiga? Ai ko a waya dubawa ake yi. Na fito tsakar gida, rana na tsaka, na ɓalle bayan kyamarar. Ban ga kowa a ciki ba sai wani zare mai ruwan toka. Don in tabbatar, na jawo shi na ɗaga wa rana.

Matata ta ce, "Sun yi kyau?"

Na ce, "Suna nan tafe."

Da ma ina da likitan da zan kai wa, kunya ce ta hana ni zuwa tun farko. Mijin marigayiya yayata mai hoto ne, kuma tun ina saurayi ba a taɓa kwana biyu bai gaya mini cewa kaina ba daidai yake ba. Ni Yaya nake ce masa, shi yana ce mini Rediyo, sauran unguwa kuwa ba su san shi da wani suna ba sai Kar-ka-motsa.

Shagonsa wani siririn ɗaki ne a ƙarƙashin matattakalar bene, tela a dama, mai gyaran waya a hagu. Ciki akwai labulen da aka zana wa tafki da duwatsu, wanda ya koɗe har ba ka sanin ina ruwa ya tsaya ina sama ta fara. Ga kujera guda mai hannu, ga ƙafa-ukun da yake ɗora kyamara, ga kabad na gilashi, sai ƙofar ɗakin wankin hoto da wani tsami-tsamin sinadari ke fitowa ta ƙarƙashinta. Na same shi zaune a kujerar kwastoma, don ba kwastoman.

"Yaya, na kawo maka marar lafiya."

"Kai ko ita?"

Na zayyana masa abin da ya faru. Bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo.

"A rana ka buɗe ta."

"Leƙawa kawai na yi."

"Haske ba ya jiran a ce masa shigo."

"To hotunan fa?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Miƙo ta."

Na sha ganin yadda yake duba kyamara, amma ban taɓa gajiya da kallo ba. Da hanci yake farawa: ya buɗe ta ya shinshina, wai wadda ta kwana a danshi ba ta iya ɓoyewa. Sai ya kara ta a kunne, ya ja hannun, ya danna, ya juya ɗan faifan sauri zuwa gaba, ya sake dannawa, tun daga ƙyas ɗin da ya fi ƙiftawar ido har zuwa wanda ke jan numfashi. A tawa ya tsaya a na can ƙasa ya ce, "Tana jan ƙafa a nan. Mai ya bushe mata." Ya shafa gefen murfin da ɗan yatsa, soson da ke tare haske ya manne masa kamar kwalta. Daga nan ya murɗe gilashin gaba ya cire, ya ɗaga shi saitin ƙofa don neman fumfuna.

A nan ne na ga abin da ban saba gani ba. Ya daɗe yana riƙe da gilashin. Ya karkace kai yana dubansa ta gefen ido, kamar kaza ta hango shaho. Ya matso da shi, ya nesanta shi. Can ya miƙo mini.

"Duba mini, akwai wani abu kamar saƙar gizo a ciki?"

Mutumin da tun da ya auri yayata bai taɓa neman ra'ayina ba ko a kan hadari. Na duba, na ce akwai kaɗan a gefe. Ya ce to, ya mayar da shi. 

Shi dai a ɗakin wankin hoton wani ya fara sana'a, yana wanke hotunan da wasu suka ɗauka. Lokacin da ya zo neman auren yayata, faratansa sun rine sun yi ja, har mahaifiyarmu ta tambaya a ɓoye ko ciwo ne. Ya yi shekaru yana ganin kuskuren mutane yana fitowa a cikin faranti, wannan ya yanke wa amarya kai, wancan ya sa fitila ta tsiro a kan ango, kafin ya yarda ya riƙe kyamara da kansa. Da ya tashi saye kuwa, sai da ya wahalar da duk mai shagon da ke garin. Ya ce ba ya son wadda ke mutuwa in batir ya mutu. Ba ya son mai roba. Ba ya son wadda in ka leƙa ta ɗan tagarta za ka ga duniya ta yi duhu kamar magariba. Wadda ya zaɓa a ƙarshe ita ce har yau a kan ƙafa-ukun nan, fentin kusurwoyinta ya goge, farin ƙarfe ya fito daidai inda yatsunsa ke zama.

Amma a wurinsa kyamara akwati ce kawai, aikin yana ga gilashin da aka ɗaura mata. Uku gare shi. Akwai madaidaici na yawon biki da taro, wanda ba ya yaba shi ba ya kushe shi. Akwai Dogo, abin ƙaunarsa, wanda yake ajiyewa cikin safar yayata mai laushi. Da Dogo yake ɗaukar fuska. Sai ya zaunar da mutum kusa da taga, ya ja da baya, ya buɗe ƙofar hasken gilashin har ƙarshe, ya sa ido a taga yana murza zoben saiti a hankali, yana jan mutum da hira. In aka buɗe Dogo haka, wurin da ke fitowa tangaran bai fi kaurin yatsa ba. Ka saita a ido, kunne ya fara narkewa, bango kuwa ya zama hayaƙi. Mutum ya ɗan rusuna kaɗan, an rasa idon. Shi ya sa da zarar ya kama abin da yake nema sai ka ji ya ce a hankali, "Kar ka motsa." Ya faɗa wa angwaye, ya faɗa wa jarirai, an ce ya taɓa faɗa wa doki.

Na ukun shi ne faffaɗa, wanda ya zo masa a cikin wata jaka da ya saya. Kwashe-duka yake kiransa. Ba ya fito da shi sai 'yan ƙwallo sun zo a jere, ko nan ma yana tsaki. In ka tsuke ƙofar haskensa, komai daga nan har bangon duniya fitowa yake tas, ba sai ka wahalar da ido ba.

"Gilashin ragwaye," in ji shi. "Ba ya zaɓe. Mutum da bokiti duk ɗaya ne a wurinsa. In ka matsa kusa kuma ya kumbura wa bawan Allah hanci."

Yadda sana'ar ta zube kowa ya sani, ba sai na ba da labari ba. Waya ta shigo aljihun kowa. Masu biki suka koma wa samari masu kyamarar da ke nuna maka kanka nan take. Hoton fasfo ya koma wurin mai gyaran wayar da ke jikin bangonsa, yana jin ƙarar injin ta cikin siminti. Fim ya zama sai an yi odarsa daga nesa, in ya zo ya ajiye a firjin tela tare da ruwan sanyi. Yayata ta rasu. Abin da ya rage masa guda ɗaya ne, kamfanin sabulu na bayan tashar mota. A can akwai wani dogon lungu da ke kaiwa ɗakin cin abinci, kuma duk ma'aikacin da ya yi ritaya ana rataye hotonsa a bangon. Tun daga na farko har na ƙarshe, baƙi da fari, duk aikin Kar-ka-motsa ne da Dogo.

Da yamma a ranar da na kai kyamarata, na kira 'yarsa. Nas ce a asibiti, kuma ta gaji bakin uwarta.

"Kawu, sai yau ka lura? Ai an daɗe. Na kai shi wurin likitan ido. Ba yanar ido ba ce da za a cire, tsakiyar ganin ce ke tafiya. Gefe yana gani, abin da ya duba kai tsaye ne ke ɓace masa. Tabarau ba ya yi."

"To shagon fa?"

"Na gyara masa ɗaki a gidana, har da talabijin. Ya ce ɗakin jira ne, ba ya shiga. Mun yi magana da shi: muddin kamfanin nan na kiransa, zan ƙyale shi da shagonsa. Ranar da suka daina, zan zo da mota. Kuma kar ka ce na gaya maka, hotunan baya an dawo masa da su."

Gaskiya ne. Shugabar ofishin ma'aikata na kamfanin ce ta kawo ambulan ɗin hotunan da kanta, don kar ta aiko masinja ya ji kunya. Mace ce mai ladabi, ta zauna a kujerar nan ta ce, "Baba, ka duba, kunnuwa sun fito, kwalar riga ta fito, idanun ne kamar an hura musu tururi." Ba ta yi ƙarya ba, na gani da idona daga baya. Ta ce akwai wasu masu ritaya a ƙarshen wata, su da kansu suka ce shi suke so, za ta ba shi wannan karon, in bai yi ba ba yadda za ta yi.

Daga nan na zama ɗan zaman shago, duk lokacin da ba ni da ɗalibi. Mun gwada dabaru. 'Yarsa ta aro masa irin kyamarar da ke saita kanta. Ya danna sau ɗaya, ta yi ɗan kuka ta zaɓi abin da ta ga dama, ya mayar da ita kwali. Ya ce bai san me ta kama ba, kuma ba za ta gaya masa ba. Sai muka gwada ni in zama idonsa. Muka zaunar da tela, ni na leƙa ina murza zobe, shi yana riƙe da igiyar dannawa.

"Ka kama idon?"

"Na kama. A'a, ya tafi. Tela, daina numfashi."

"Wane ido ka kama, na kusa ko na nesa?"

"Yaya, ido ai ido ne."

Kafin in ce to, fuskar tela ta gaji ta koma kamar ta mai jiran allura. Kar-ka-motsa ya ce ko da na iya saitin, ba zai yiwu ba. Saiti da dannawa numfashi ɗaya ne, ba a raba su tsakanin mutum biyu, balle ɗayan bakinsa na girgiza ƙafa-uku.

Ana gobe za mu je kamfanin, na same shi da safe ya shimfiɗa tsumma a kan tebur. Dogo na gefe a cikin safarsa. Kwashe-duka ne a ɗaure a kyamara. Bai dube ni ba ya ce in karanta masa lambobin da ke jikin zoben. Na karanta, ya murza zuwa inda yake so. Ya tsuke ƙofar hasken yana ƙirga ƙas-ƙas ɗinta da yatsa. Sannan ya ɗauko filastar asibiti irin ta 'yarsa, ya naɗe zoben saitin da ita har sai da ya daina motsi.

Na ce, "Yaya, kai ne kuwa?"

Ya ce, "Ka wanke motarka. Kar ka kai ni da alamar 'yan koyo a jiki."

Alamar ba ta ciruwa, haka muka je. A kamfanin an riga an ajiye masa kujera kusa da tagar da ya saba. Ya ce a'a, yau waje za a fita, wannan gilashin rana yake ci. Masu ritayar su uku ne: wata uwa daga sashen naɗe sabulu, wani mai kula da tukunyar tururi wanda kunnensa ya yi nauyi, sai tsohon maigadi. Maigadin ya sha guga, hularsa sabuwa har da karin shago. Ya kama hannun Kar-ka-motsa da hannu biyu.

"Maigida, shekaru nake bin lungun nan zuwa cin abinci. Na ma zaɓi wurina, kusa da abokina direba. Irin nasa nake so. Kullum na wuce sai in ga kamar zai tambaye ni canji."

Kar-ka-motsa ya ce, "Allah ya sa."

Ya tsayar da shi a bakin get, ya ja ƙafa-ukun baya yadda hanci ba zai kumbura ba, ya leƙa ta gefen ido don ya tabbatar mutumin na tsakiya, ya danna. Ba hira, ba murza zobe, hannunsa na hagu na rataye kamar bai san inda zai sa shi ba. Uwar nan da aka zo kanta ta gyara mayafi ta ƙame, ta jira, ta ji ƙyas.

"Af, har an yi? Yau ba za ka ce kar in motsa ba?"

"Motsa abinki, Uwa. Wannan ba ruwansa."

Aikin da da yake cinye masa safiya guda, kafin shayin da aka kawo mana ya huce an gama.

Wanki bai ba shi wahala ba, don wannan da ma a duhu ake yinsa, hannu ya san hanya. Injin buga hoton ma tun da daɗewa ya ɗaure shi a girma ɗaya, ba sai an saita ba. Na zauna wurin tela muna jira, har ya buɗe ƙofa ya kira ni. Hotunan na rataye a igiya suna ɗiga.

"Gaya mini abin da ka gani. Na maigadi."

"Yaya, tas! Ga shi nan har gwiwa. Ga get, ga kwaɗon get, ga rubutun da ke jikin allo ana karantawa. Ga gangunan mai a baya. Ga tsintsiya a jingine. Kai, ga wani can nesa yana hamma, har haƙoransa."

"Idonsa fa?"

"Suna nan, duka biyun."

"Me ke cikinsu?"

Na matsa kusa. Na ƙara matsawa. Na ce, "Sun yi ƙanana, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya shiga wanke faranti.

Da muka kai, shugabar ofis ta baje su a tebur ta tafa hannu. Ta ce wannan ai ya fi na da, ga ma'aikaci ga wurin aikinsa, jikokinsa ma za su ga inda ya yi rayuwarsa. Ta ce daga yau irin wannan za a riƙa yi, kuma tana so a zo a ɗauki kowane sashe. Da zuciya ɗaya take faɗa, har tana kiran na ofishin kusa su zo su gani. Aka kira maigadi. Ya goge hannu a riga, ya karɓi nasa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Get ɗin ya fito da kyau." Ya yi godiya, ya koma bakin aikinsa.

Na kira 'yarsa tun muna farfajiya. Ta yi ajiyar zuciya ta ce alkawari alkawari ne, ɗakin dai yana nan, a gaya masa ya riƙa shan maganinsa.

A hanyar komawa ya zauna a kujerar da nake zama in ina koyarwa, jakar kyamara a cinya, fuskarsa a taga. Cunkoso ya riƙe mu wajen tasha. Ni kuwa bakina ba ya iya zama a rufe.

Na ce, "To Yaya, sai a yi dariya mana. Shago ya tsira, an yabe ka a gaban jama'a, an ƙara maka aiki. Gilashin da ka yi shekaru kana zagi shi ya fitar da kai kunya. Da ka sani tun farko ai da ka huta, ashe sana'ar ma ba ta buƙatar ido."

Bai juyo ba.

"Rediyo, in aka naɗe sitiyarin motar nan da filasta, ta gangara da kanta har gida ba ta kashe kowa ba, sai ka fito ka tsaya a tafa maka? An ba da hannu. Ja mu tafi, ka rufe mini baki."